Lofen Japan a Aljihun Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na yi kyauta da abin da ba nawa ba, kuma duk faɗin birnin New York na rasa wanda zan yi wa kyautar sai mahaifin matata. Yau shekara biyu ke nan, amma ko ina tsakiyar tuƙi abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara da faɗin gaskiya, tunda rashinta ne ya kai ni ya baro. Ni direba ne. Ina tuƙa motar kai kaya ta wani shagon kayan tarihi a Manhattan, na wata tsohuwar Baturiya da muke kira Madam. Aikina in naɗe kaya, in ɗauka, in kai, a sa mini hannu a takarda, in dawo. Sana'a ce ta halal, kuma tana rufa mini asiri. Sai dai lokacin da na je Kano neman auren Zulai, da aka tambaye ni abin da nake yi a Amurka, sai na gyara zama na ce, "Muna harkar kayan tarihi ne." (Ku lura da "muna" ɗin nan. Ban ce shagon nawa ne ba, ban kuma ce ba nawa ba ne.) Daga nan na saki maganar ta yi kiwon kanta. Kafin ɗaurin aure na zama na hannun daman Baturiya, kafin shekara ta zagayo na zama mai rabin shago. Ni kuwa ban ƙaryata kowa ba, har ma na taimaka wa labarin da wani hoto da na ɗauka a kan kujerar Madam ranar da ta je ganin likitan haƙori.

Da Zulai ta tare, ta ga rigar aikina mai tambarin shago a rataye, kallona kawai ta yi ta yi murmushi. Na roƙe ta kada ta faɗa a gida. Ta ce bakinta alaikum.

Ana nan sai Allah ya ba mu 'ya mace, Ummi, mahaifin Zulai kuma ya ce zai zo ya ga jikarsa ya yi wata guda. Alhaji Garba dattijo ne dogo, mai magana a hankali, tsohon ɗan kasuwa da ya yi zaman Ikko da Abijan a ƙuruciyarsa. Abin da na sani ke nan game da shi, don wa zai zauna yana yi wa surukinsa tambayoyi? Gidanmu a unguwar Tremont ɗaki biyu ne da falo, to ku kwatanta kunyar surukuta a wurin da in ka kauce wa mutum a falo za ka ci karo da shi a ƙofar banɗaki. Mako biyu na yi ina cin abinci a tsaye a kicin, ina fita da sassafe da kwat a jikina, rigar aiki a cikin leda, sai na kai tasha in canza.

Yanzu ga abin da ya jawo komai. A cikin kayan da Madam ta fi ji da su akwai tsofaffin lofunan shan taba na mutanen Japan, waɗanda suke kira kiseru. Ba irin lofen katako mai ƙaton baki da muka sani ba ne. Siriri ne, tsawonsa kamar taƙi guda, kan da ake zuba tabar bai fi rabin kwanson gyaɗa ba, don tabar tasu an yanka ta siriri kamar gashi, zuƙa biyu ko uku ta ƙare. Wasu ƙarfe ne a kai da baki, gora a tsakiya. Wasu kuma ƙarfe ne zalla tun daga sama har ƙasa. A da can, inji Madam, da lofen mutum ake gane matsayinsa, shi ya sa maƙera suke zuba gwanintarsu a kai, har su sa hannu a jiki. Masu tara su a yau ba taba suke sha da su ba. Ajiyewa suke yi a akwatin gilashi suna kallo, kuma in ka kuskura ka goge duhun da shekaru suka sa wa ƙarfen, ka kashe darajarsa. A shekara shida da na yi ina ɗaukarsu na koyi wannan duka, kuma ba zan ɓoye ba, ina son su. Wani lokaci nakan tsaya da ɗaya a hannu ina tunanin maƙerin da ya zauna ya zana ɓawon jikin kifi ɗaya bayan ɗaya da ido tsirara.

Ranar Juma'a Madam ta ba ni guda ɗaya in kai wa wani mai tarawa a Brooklyn. Na azurfa ne zalla, da zanen kifi yana haura ruwa, a cikin ɗan akwatin katako mai laushin shimfiɗa. Kuɗinsa ya fi albashina na watanni, kuma an riga an biya. Ina kan gada mutumin ya kira ya ce tafiya ta kama shi, sai Litinin da ƙarfe goma. Na kira Madam, ta riga ta rufe shago ta kama hanyar gidan 'yarta.

"Tafi da shi gida," ta ce. "Shekara shida ba ka taɓa fasa mini ko kofi ba. Na yarda da kai."

Da na bar akwatin nan a ƙasan kayan sawa kamar yadda mai hankali zai yi, da yau ba ni da labarin bayarwa. To amma Asabar bayan azahar Baba yana zaune a falo, ya dube ni ya ce, "Ɗana, har yanzu ban ga komai daga cikin kayan naku ba." Sai son burga ya taso mini. Na shiga ɗaki na sa farar safar hannu, na ɗauko akwatin, na durƙusa na buɗe a gabansa.

"Wannan ɗaya ne daga cikin ƙananan da nake ajiyewa a gida," na ce. (Ƙananan. Allah ya shirye ni.)

"Mene ne wannan ɗin?"

A nan na yi tuntuɓe na biyu. Ta yaya zan dubi dattijon da bai taɓa sa sigari a bakinsa ba in ce masa mijin 'yarsa da kayan taba yake harka? Sai na ce, "Sandar girma ce, Baba. Ta hakiman Japan. Da ita suke nuni in suna yanke hukunci."

Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya kai shi kusa da fuska, ya daɗe yana kallon kifin. Ya ce, "Ma sha Allah. Wanda ya ƙera wannan ya san ƙarfe. Na daɗe ban ga abin da ya shiga raina haka ba."

Ku da kuka san mu, kun san abin da ake cewa in babba ya yaba abinka. Ba daga kai maganar take fitowa ba, a kan harshe take zaune tun muna yara. Kafin in ankara na ji bakina ya ce, "Ai naku ne, Baba."

Kowa ya san yadda wasan yake. Kai ka ce naku ne, shi ya ce a'a, Allah ya yi albarka, bar abinka. Kai ka ƙara cewa wallahi ku ɗauka, shi ya ƙara ƙi, a rabu kowa da mutuncinsa da kayansa. Ina durƙushe ina jiran "a'a" ɗin nan, har na fara miƙa hannu. Sai Baba ya ce, "To, madalla. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Ya buɗe aljihun gaban babbar rigarsa ya jefa lofen ciki. Na ji ƙararsa da ya haɗu da makullai.

Na ce, "Amin," don babu abin da ya rage in ce.

Na sami Zulai a kicin tana wanke kwalbar madarar Ummi, kafaɗunta suna rawa saboda dariya. Ta ji komai.

"Zulai, ki taimake ni. Amanar mutane ce. Litinin ƙarfe goma."

"Abban Ummi, ni ba na cikin wannan kes ɗin. Ni na bayar?"

"Mahaifinki ne, ke za ki iya yi masa magana."

"In ce masa me? Mai rabin shago yana son a dawo masa da ƙaramin abin da yake ajiyewa a gida?"

Ta yi gaskiya, kuma ba a taɓa faɗa mini gaskiyar da ta ba ni haushi kamar wannan ba. Kyauta dai ba a karɓe ta, kowa ya san abin da malamai suka kwatanta mai yin haka da shi. Balle a hannun suruki. Hanya ɗaya ce mai tsabta, in je in ce Baba ƙarya na yi. Ni kuwa sai na zaɓi duk sauran hanyoyin.

Bayan la'asar na zauna daga nesa na fara yi wa bango magana, wai jami'an filin jirgin nan suna da tsanani a kan tsofaffin kaya, har ƙwacewa suke yi. Baba ya ce Allah na nan. Can anjima na ce ko zai kawo in kai masa a wanke, a ƙara masa ƙyalli. Ya ce, "A'a, tsohon ƙarfe ba a wanke shi." (A nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Ban tsaya ba.) Sai ma ya zaro shi ya fara amfani da shi yadda na koya masa. Ya nuna Zulai da shi ya ce ta kawo shayi. Ya nuna talabijin da shi ya ce a rage murya. Da ya ƙwanƙwasa shi a gefen tebur sau biyu don ya jaddada wata magana a kan tsadar shinkafa, sai da na ji abin har cikin haƙorina. Da na ga ya zura shi ta wuyan riga yana sosa baya kuwa, tashi na yi na fita na zagaya unguwa.

Lahadi da safe ya ƙarasa ni. Ya ce tsohon abokinsa Elhaji Isufu, mutumin Maraɗi da ke da teburin saida kaya a titin 125th a Harlem, zai zo ɗaukarsa bayan azahar.

"Ya ce akwai wani Buzu maƙerin azurfa a kusa da shi," inji Baba. "Zan ba shi ya rubuta mini sunana a jiki da manyan baƙaƙe, daga nan zuwa nan. Wannan kifin ma in ya tare wuri sai a kankare shi."

Na ce, "Ya yi kyau, Baba." Na hango fuskar Madam, na hango shekara shida na yarda sun tafi a kan kalma uku, na hango 'yan sanda, na hango kaina ina yi wa alƙali bayanin al'adar "naku ne" da Turanci.

To da azahar ta yi, Baba ya cire babbar rigarsa ya rataye a ƙofar ɗakin da yake kwana, ya shiga banɗaki alwala. Zulai tana kicin. Na ji ruwa ya fara zuba. Sai Shaiɗan ya kawo mini shawara mai kama da hikima: in ɗauke abin, in ya nema a ce ko ya faɗi a wani wuri, a yi jaje, a wuce. Ai ba sata ba ce, na ce wa kaina, ceton amana ne.

Na tafi da sanɗa na zura hannu. Wanda bai taɓa shiga aljihun babbar rigar dattijo ba bai san zurfi ba. Na taɓo goro. Na taɓo carbi, da hankici, da kwalbar turare, da makullan wani gida da ke can Kano. Wani abu mai kauri ya tare mini hanya, na zaro shi na riƙe a hannun hagu don in sami wuri, na mayar da na dama har gwiwar hannu ina lalube. Hankalina duk yana ƙasan aljihu, ban ji tsayawar ruwa ba, ban kuma ji Zulai ta buɗe wa baƙo ƙofa ba.

"Salamu alaikum," aka ce a bayana.

Na juya. Elhaji Isufu ne a bakin falo, gajere mai farin gemu, takalminsa ɗaya a cire. Zulai tana gefensa. A ƙofar banɗaki kuma ga Baba, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, lofen yana soke a aljihun 'yar cikinsa, kan kifin ya leƙo. Duk su ukun ba fuskata suke kallo ba, hannuna na hagu suke kallo. Na bi idonsu. Abin da na zaro na riƙe ɗin nan, jakar kuɗin Baba ce, da fasfonsa a ciki.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai san hannuna na dama ya ƙi fitowa, don agogona ya maƙale a zaren aikin rigar. Na so ƙasa ta tsage, amma a hawa na huɗu muke.

"Wa alaikumus salam," na ce wa Elhaji, don wallahi ita kaɗai ce maganar da na samu.

Baba ya ce a hankali, "Ɗana, wani abu kake nema?"

Nan fa na ga zaɓi biyu ne a gabana. Ko in zama ɓarawon da ke yashe surukinsa yana alwala, ko in zama maƙaryaci. Ban taɓa zaton wata rana zan yi rige-rigen amsa sunan maƙaryaci ba. Na zube a wurin, rigar ta biyo ni ta faɗo mini a ka, na yaye ta na fara zuba. Na ce lofen ba nawa ba ne. Na ce ba sandar hakimai ba ce, lofen taba ne. Na ce ba ni da ko ƙusa a shagon nan, direba ne ni, kujerar da ke cikin hoton ma ta Madam ce. Da gaske tsoro nake ji kada dattijon nan ya ga ya yi asarar 'yarsa.

Da na yi shiru sai na ji wani sauti kamar ana tace koko. Elhaji Isufu ne yake ƙoƙarin danne dariya, ya kasa.

"Bon, Alhaji," ya ce da Faransancinsu na Nijar, "ka ci ni a musun nan. Ni na ce zai kai Litinin da safe bai faɗi gaskiya ba."

"Na gaya maka yaron yana da sauran imani," inji Baba. Ya zauna a kujera ya zaro lofen. "Ɗana, ka san abin da na sayar a Ikko da Abijan shekara ashirin? Tsofaffin kayan tagulla da azurfa, a ƙofar otal, Turawa nake sayar wa. Ni da wannan mutumin. Tun da na kai abin nan hancina na ji tsohon warin taba. Kuma tun kafin nan na san ba naka ba ne."

"Ta yaya, Baba?"

"Mai kaya da hannu ɗaya yake miƙo kayansa. Ɗan aike ne yake miƙowa da hannu biyu yana rawar jiki."

Na ce, "To maƙerin fa?"

"Wane maƙeri?" inji Elhaji. "Ni hula da tabarau nake saidawa. Maƙwabcina kuma turare."

Baba ya juya lofen ya nuna mini cewa ko ƙwarzane babu. Ashe da bayan yatsarsa yake ƙwanƙwasa teburin, ni kuma tsoro ya hana ni gani. Sannan ya daina murmushi.

"Kana zaton zan ɗauki 'yata in aika ta bayan duniya ban yi bincike ba? Kafin in amsa wa iyayenka, Elhaji ya yi sati yana bin sawunka. Ya ce mini direba ne, ba ya fashin aiki, yana ajiye mota ya yi salla, kuma tsohuwar da yake yi wa aiki makullin shagonta take ba shi. Na ce to wannan na ba. Direban na ba 'yata, ban san wani mai rabin shago ba. Shekara uku ina jira ka gabatar mini da shi da bakinka."

Na dubi Zulai. Ta ɗaga kafaɗa. "Ni ma tun kafin a kawo lefe na sani," ta ce. "Umma ma ta sani. Har su Yaya."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, rabi na kunya, rabi na wani sauƙi da na daɗe ban ji ba. Baba ya miƙo mini lofen, da hannu ɗaya, ya ce kyauta ce ya ba ni, kuma tukwicinsa shi ne gobe in tafi da shi a gaban mota ya ga aikin da ke ciyar da jikarsa.

Haka kuwa aka yi. Litinin na sa rigar aikina tun daga ɗaki, na fito falo da ita a karon farko. Muka haye gada zuwa Brooklyn, Baba yana gefena da babbar rigarsa yana gyara mini tuƙi a garin da bai sani ba. Ƙarfe goma saura muka isa. Mai lofen ya duba shi da gilashin ƙara girma, ya sa hannu a takarda, sannan ya tsaya hira da Baba a kan yadda ake gane tsohuwar azurfa, ni ina tsakiya ina fassara. Da yamma na faɗa wa Madam duk abin da ya faru, ban rage komai ba. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ce daga yau kayanta ba za su ƙara kwana a gidana ba. Ban yi musu ba, don ko ni ne ita haka zan yi.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne lissafin wahalar da na sha. Shekara uku ina canza riga a tasha, ina auna kowace kalma in za a yi waya da gida, ina gumi a kan sirrin da har ƙannen matata suke hira da shi a tsakar gida. Duk dangin nan mutum ɗaya ne kawai ya yarda ni mai rabin shago ne, kuma shi ne yake ba ku labarin nan. Don haka shawarata ga duk mai ɓoye wani abu ita ce, kafin ka ƙara kwana kana gadinsa, ka ɗan bincika ko akwai sauran wanda bai sani ba.